Saurin otofokas ko gwanintar mai hoto: wanne ke kama doki a guje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da Canon 600D da lensi 75-300mm. Hoton biki da na suna ba sa ba ni wahala, amma lokacin hawan sallah ko sukuwa, da zarar mahaya sun sako dawakai, sai yawancin hotunan su fito dishi-dishi. Abokan sana'a sun ce otofokas ɗin kyamarar ne ba shi da sauri, in sayar da ita in cika kuɗi in sayi marar madubi. Wani dattijo a cikinmu kuma ya ce ba laifin kyamara ba ne, hannu ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiyar, amma kada ka sayar da kyamararka tukuna. Otofokas aiki ɗaya tak yake yi: ya auna nisan abin da ka nuna masa, ya matsar da gilashin cikin lensi zuwa wurin da abin zai fito tar. Ba ya tsayar da motsi, ba ya zaɓa maka inda za ka tsaya, ba kuma shi zai gaya maka lokacin danna maɓalli ba. Hoton doki a guje yana iya lalacewa ta kowacce daga cikin waɗannan hanyoyi, kuma a ƙaramin allon bayan kyamara duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa laifin yakan faɗa kan otofokas ko da ba shi ya yi ɓarnar ba.

Saboda haka fara da bincike. Ka zuba hotunan hawan da ya wuce a kwamfuta, ka ƙara girmansu sosai, ka dube su ɗaya bayan ɗaya. Idan bango da 'yan kallo sun fito rangaɗau amma dokin ya yi jan layi, kamar an shafa shi da hannu ta gefe guda, to shota ce, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, ta yi jinkiri. Idan komai ya girgiza, har ƙasa da bango, hannunka ne ya motsa. Lensinka ba shi da na'urar rage girgiza, kuma 300mm a kan 600D daidai yake da 480mm a kan kyamara mai cikakken sensa, don haka ɗan motsi kaɗan zai bayyana. Idan kuwa fuskar mahayin ta yi laushi ba tare da jan layi ba, amma jelar dokin ko jama'ar da ke bayansa sun fito tar, wannan ne kaɗai matsalar fokas. Manhajar Digital Photo Professional da Canon ke bayarwa kyauta tana nuna maka ɗigon fokas ɗin da ya yi aiki a kowane hoto, tare da saurin shotar da aka yi amfani da shi. A hotunan da matasa ke kawo mini in duba, kashi na farko, wato jinkirin shota, shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sai ka tarar an bar kyamara a Auto ko P, ita kuma ta zaɓi 1/200 ko 1/250 na sakan don ta samu haske.

Bari mu yi lissafi kaɗan, domin a nan maganar take. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowane sakan. A 1/250, kafin shota ta rufe ya matsa fiye da santimita 4. Faɗin idon mutum bai kai haka ba, ka ga fuska ta tafi ke nan. A 1/1000 santimita ɗaya zai matsa, a 1/2000 rabin haka. Ƙafafunsa da tufafin mahayin ma sun fi jikinsa sauri. Ko kyamarar da ta fi kowacce tsada a duniya ka riƙe, in ka bar ta a 1/250 irin hoton da ka samu za ka sake samu. Ka juya ta zuwa Tv, tsarin da kai ke zaɓar saurin shota, ka sa 1/1000 a matsayin mafi ƙaranci, 1/1600 ko 1/2000 in rana tana da ƙarfi, ka bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin kama haske, ya hau da kansa har 1600, ko 3200 in yamma ta yi. Na san ana tsoratar da ku da tsakuwa-tsakuwar da ISO mai yawa ke kawowa. Wannan ana rage ta a kwamfuta, mai hoton ma ba lallai ya lura da ita ba. Hoton da ya yi jan layi kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata.

To, mu zo kashi na uku, wato matsalar fokas, inda abokanka suke da hujja. A kyamara mai madubi irin taka, wani ɓangare na hasken yana ratsa babban madubi, ƙaramin madubi ya tura shi ƙasa zuwa wata na'ura ta daban. Ita wannan na'ura tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefen lensi biyu, daga bambancinsu ta san ko gaba za a matsa ko baya, da kuma iyakar matsawar. Amma da ka danna maɓalli, madubin zai ɗaga, na'urar ta makance, sai bayan ɗan lokaci shota ta buɗe. Wannan ɗan lokaci a ƙananan kyamarori yana kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Doki mai tunkaro ka ya ci kusan mita ɗaya a cikinsa. A 300mm da ƙofar haske f/5.6, in dokin yana nisan mita 20, duk faɗin wurin da ke fita tar bai cika mita ɗaya ba, a mita 10 kuwa bai wuce taƙi ɗaya ba. Wato in kyamara ta sa fokas daidai inda dokin yake lokacin da ka danna, ta riga ta yi kuskure.

Maganin da masu ƙera kyamara suka samo shi ne hasashe. A tsarin AI Servo, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, kyamara tana auna nisa a kai a kai, ta gane saurin abin, ta aika fokas inda zai kasance lokacin da shota za ta buɗe. Kamar yaro mai harbin tsuntsu da danƙo ne, ba inda tsuntsun yake zai saita ba, gabansa kaɗan zai saita. Kyamararka tana da wannan tsari. Tambayar ita ce, ka kunna shi? Mai aikin biki yakan bar kyamara a One Shot, wanda ke kulle fokas da zarar ya yi ƙara, kuma daidai ne ga amarya da ke zaune. Ga doki kuwa ba shi da amfani. Akwai na tsakiya, AI Focus, wanda aka ce zai gane da kansa in abu ya fara motsi. Ban yarda da shi ba a wannan aiki, kafin ya farga an wuce wurin.

Hasashen nan yana buƙatar ka ba shi lokaci, kuma a nan hannu ya fara shigowa. In ka ɗaga kyamara ka danna gaba ɗaya a lokaci guda, ba ka ba ta komai da za ta yi lissafi da shi ba, hoton farko zai zo da laushi. Ka kama mahayin tun yana nesa, ka riƙe maɓallin rabi, ka bi shi sakan ɗaya ko biyu, sannan ka ɗauka. Ya fi ma ka shiga Custom Functions ka mayar da fokas kan maɓallin baya mai alamar tauraro, babban yatsa yana fokas, manuni yana ɗauka. Da haka in wani ya gifta gabanka sai ka ɗage babban yatsa, fokas ya tsaya inda yake, in ya wuce ka ci gaba. Kwanakin farko zai yi maka baƙunta, bayan nan ba za ka so komawa ba.

Ɗigon fokas tara ne a 600D, kuma na tsakiya ne kaɗai mai gicciye, wato yana ganin layin tsaye da na kwance. Sauran takwas layi ɗaya suke gani. In ka bar wa kyamara zaɓi, abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli za ta kama: sandar dogari, kan wani mai ɗauka da waya, ko laimar da ke baya. Ka zaɓi na tsakiya, ka bar fili a gefen hoton, ka yanke daga baya. Megafiksel 18 sun isa haka. Sannan ka lura da inda kake ɗora ɗigon. Na'urar bambancin haske da duhu take nema. Farar riga sumul ko baƙin ƙirjin doki ba su ba ta abin kamawa, sai lensi ya shiga kai da komo. Ka ɗora shi kan aikin alkyabba, ko iyakar rawani da fuska, ko adon da ke goshin doki da linzami. Ƙura da hazo da rana mai fuskantar lensi duk suna rage wannan bambanci, shi ya sa sahun farko na mahaya ya fi sauƙin kamawa a kan na uku da ke fitowa daga cikin ƙurar na gaba. Kuma kada ka yi wannan aiki da allon baya. In ka kunna shi madubi yana ɗagawa, kyamarar ta koma wani tsarin fokas mai lalube, wanda ko mai tafiya a ƙasa da ƙyar yake bi.

Akwai wani abu da abokanka ba su faɗa maka ba. Tun 1987 da Canon ta fito da tsarin EOS, motar da ke juya fokas a cikin lensi take, ba a jikin kyamara ba. Kyamara umarni take bayarwa, lensi ke gudu. Shi 75-300mm na gama-gari ƙaramar mota ce a cikinsa, mai ƙara da nawa, tana juya duk gaban lensin, ga shi a 300mm ƙofar haskensa f/5.6 ce. Kyamara mai madubi kullum da ƙofar lensi a buɗe gaba ɗaya take auna fokas, saboda haka lensi mai f/2.8 yana ba na'urar haske ninki huɗu na abin da naka ke ba ta, mai f/4 ninki biyu. In ka ɗauki wannan lensi ka ɗora a kan sabuwar kyamara ta miliyoyin naira, umarni zai zo da sauri, motar ta kasa cika shi. In kuwa ka ɗora 70-200mm f/4L USM a kan 600D ɗinka, a ranar za ka ji bambanci. A 1999 aka fito da wannan lensi, na hannu suna da yawa a kasuwa, kuma yana da makunni a gefe da ke hana shi neman abin da ya gaza mita 3 kusa, sai laluben ya ragu. In kuɗi bai kai ba, 55-250mm IS STM ya fi naka sauri da kaifi, yana kuma da na'urar rage girgiza. Sai dai ka sani, na'urar rage girgiza hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da doki.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin ba ya cin ko kwabo. Wahalar da lensi ke sha ba daidai take ba a kowane nisa. Dokin da ya taso daga mita 40 zuwa 30, gilashin ɗan motsi kaɗan zai yi. Daga mita 10 zuwa 5 kuwa motsin da zai yi ya ninka wancan kusan sau 12, kuma a rabin lokacin. Shi ya sa za ka ga hotunan farko a jere sun yi kyau, na ƙarshe da dokin ya cika hoto su ne suka lalace, su ne kuma ka fi so. Mai hoto da ya san haka ba ya tsayawa daidai gaban dawakai yana jira su iso kansa. Ban da haɗarin da ke ciki, domin dokin da aka sako ba kullum yake tsayawa inda mahayi ya so ba, wuri ne da ya fi kowane wuri wahalar da kyamara. Ka koma gefe, dawakai su zo maka a karkace, ka ɗauke su tsakanin mita 30 da 15, ka daina in sun matso. In suna wucewa ta gabanka ne daga hagu zuwa dama, nisansu da kai kusan ba ya canzawa, kowace kyamara za ta iya. Ka zo da wuri ka ga inda rana za ta kasance, musamman hawan da ake yi bayan la'asar, ka sa ta a bayanka ko a kafaɗarka. Ka duba abin da zai fito a bayan mahayi. Ka gaisa da dogarai da masu tsaron wurin, ka nemi izini, su ne za su bar ka a wurin da ka zaɓa ko su tashe ka.

Jafi ma yana da wani sauƙi da mutane ba sa lura da shi: an san inda zai ƙare. Mahaya za su sako a guje, su ja linzami gaban sarki, dawakai su dunƙule, a ɗaga hannu ko mashi. Sahu bayan sahu kusan a wuri ɗaya suke tsayawa. Ka kalli sahu biyu ba tare da ka ɗauka ba, ka gane wurin. Ka sa fokas a ƙasan wurin, ka ɗage yatsa. A 200mm da f/8, nisan mita 20, kana da kusan mita 3 da komai zai fito tar. Sai ka jira su shigo ciki. A lokacin da doki ya ja birki saurinsa ya ragu, ƙura ta tashi a bayansa ba a gabansa ba, fuskar mahayi ta buɗe. Hoton da mai doki zai biya kuɗi ya manna a bango ke nan, kuma saurin otofokas bai taka wata rawa a cikinsa ba.

Da wannan dabara aka yi aikin hoton wasanni shekaru da yawa. Kyamara mai madubi da otofokas a jikinta wadda ta karɓu a kasuwa sai a 1985 ta fito, Minolta 7000. Shekara 20 kafin nan, ranar 25 ga Mayu 1965, a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, Neil Leifer ya ɗauki Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston bayan ya kayar da shi a zagayen farko. Da Rolleiflex ya ɗauka, fokas da hannu, fitilun da aka rataya a sama kuma sai sun huta kafin su sake haskawa, don haka babu zancen ɗauka a jere. In ka duba hoton, tsakanin ƙafafun Ali za ka hango wani mai hoto, Herb Scharfman, wanda ya girmi Leifer a aikin. Yana ɗaya gefen, bayan Ali kawai yake gani. Wurin zama ne ya raba su a wannan dare. Akwai rabo a ciki, babu shakka, amma da rabon ya zo ya tarar da Leifer ya gama saita nisa da haske.

Sai batun lokaci, wanda shi dattijonku yake nufi da hannu. Tsakanin ido ya ga abu da yatsa ya danna akwai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na sakan. Doki ya ci mita biyu ko fiye. Duk wanda ya jira ya ga abin sannan ya danna, bayansa zai ɗauka. Za ka ce ai shi ya sa ake son kyamara mai ɗauka da yawa a jere. To duba: kyamarar da ke ɗaukar hoto 10 a sakan, kowanne a 1/1000, kashi ɗaya cikin ɗari na wannan sakan ta gani, sauran 99 sun wuce ta. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana tafiyar kusan mita 3 tsakanin hoto da hoto. Taka kyamarar 3.7 take yi a sakan, kuma in RAW kake ɗauka, wato ɗanyen hoto mai cin wuri, bayan kamar guda shida za ta tsaya ta numfasa, musamman in katin mai nawa ne ko jabu. Don haka danne maɓalli tun daga nesa yana cinye maka harsashi kafin lokacin da ake buƙata. Biyu ko uku a daidai gaɓa sun fi.

Sanin gaɓar kuwa daga sanin abin da kake ɗauka yake zuwa. Tun 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, doki yana tsinka zare yana wucewa, ya nuna cewa akwai lokacin da ƙafafu huɗu duk suke sama, kuma lokacin suna tattare ne a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane suka saba yi. Doki a guje yana maimaita wannan zagaye sau biyu da 'yan kai a sakan, kuma yana da kiɗa. In ka saurari kofato za ka fara jin inda za ka danna. A wasu gaɓoɓin doki yana fitowa da kwarjini, a wasu kuma kamar zai faɗi, duk da hoton ya fito tar. A dambe ba hannun da aka naɗe za ka kalla ba, kafaɗa da ƙafar baya su ke fara ba da labari. A ƙwallo ka kalli mai jiran ƙwallon, ba mai bugowa ba, ka bar ɗaya idonka a buɗe don ka ga abin da ke zuwa daga wajen hoton. Babu kyamarar da ta zo da wannan a kwali.

Duk da haka ba zan bi dattijon har ƙarshen maganarsa ba, domin sabbin kyamarori sun kawo abin da ba ƙarya ba ne. A 2017 Sony ta fito da a9: ɗigon fokas 693 a kan sensar kanta, hoto 20 a sakan, lissafin fokas har sau 60 a sakan, kuma maleƙin ba ya yin duhu tsakanin hoto da hoto. Tun da babu madubin da zai ɗaga, makantar nan da na yi maka bayani ta ragu ƙwarai. Daga baya aka koya wa kyamarori gane ido da fuska da kai, har Canon R6 Mark II ta 2022 ta zo da gane doki. Wasu, irin Nikon Z9 da Canon R7, suna iya ajiye hotunan rabin sakan ko fiye kafin ka ƙarasa danna maɓalli, wato har jinkirin yatsa sun fara rufewa. A wuri uku babu gwanintar da za ta cike gurbinsu gaba ɗaya: abu mai tunkaro ka kai tsaye a kusa, abu mai canza hanya ba zato kamar ɗan wasan folo ko ɗan ƙwallo mai yanka, da wurin da haske ya yi ƙaranci kamar filin dambe da magariba. Ga mai neman abinci da sana'ar wannan ba ƙaramin abu ba ne. In mahayi ya ba ka aiki, sau ɗaya zai wuce, ba za ka ce masa ya koma ya sake ba. Kyamarar da ke ba ka tara masu kyau cikin goma ta fi mai ba ka huɗu, ko da mafi kyawun hotonsu ɗaya ne.

Sai dai su ma suna da inda suke tuntuɓe, kuma a filin hawa ake ganinsa. Mahaya goma a sahu ɗaya, kyamara za ta zaɓi fuskar da ta fi bayyana, ba ta san wanda ya ba ka aiki ba. Wanda ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ko ya sa kwalkwali, tana iya tsallake shi ta kama zagin da ke gefe. Dole kai ne za ka nuna mata wanda za ta bi, ka kuma san lokacin kashe gane fuska ka koma ɗigo ɗaya. Marasa madubi masu araha kuma, in ka sa su a shota marar ƙara, sensar tana karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa a hankali, sai mashi ko sandar folo ta fito a lanƙwashe. Sannan ba kowace marar madubi ce mai sauri ba. Wasu na farko-farko a wajen bin abu mai gudu ba su kai Canon 7D ta 2009 ba, balle Nikon D500 ta 2016. Kada sunan kawai ya ja ka.

Ka tuna da hoton Usain Bolt a Rio a 2016, yana waiwaye yana murmushi a zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100, sauran 'yan tsere sun zama jan layi a bayansa. Cameron Spencer na Getty Images ya ɗauke shi da kyamarar da ke cikin mafi sauri a lokacin, amma da gangan ya sauke shota zuwa 1/40, ya raka Bolt da kyamarar daidai saurinsa. Fuskar ta fito ne saboda hannun Spencer bai riga ta ba, bai kuma bari ta riga shi ba. Irin wannan rakiya kai ma za ka iya koyonta da 600D, tun da abin yana wucewa ne ta gefe. Ka fara da 1/125, ka kafa ƙafafu suna kallon inda za ka ƙare, ka juya daga ƙugu, ka ci gaba da bi bayan ka danna. Da yawa za su lalace, haka yake ga kowa, amma wanda ya fito zai nuna gudu fiye da hoton da aka daskarar.

Ga yadda nake ganin ya dace ka tafiyar da kuɗinka. Kafin ka sayi komai, ka gyara saitin: 1/1000 zuwa sama, AI Servo, ɗigon tsakiya, fokas a maɓallin baya. Ka je bakin titi inda ba za ka takura wa kowa ba, ka yi ta gwaji da masu babur, saurinsu kusan na doki ne, suna zuwa kai tsaye da kuma ta gefe. Ka bi masu kilisa da yamma, ka je filin ƙwallon unguwa. Duk dawowa ka raba hotunan da suka lalace gida ukun nan, ka ga wanne ke raguwa. Sayayya ta farko ta zama lensi da kati mai sauri na gaske, domin lensin EF, irin wanda ke hawa 600D, zai bi ka ko ka koma marar madubi, da adafta yake hawa kyamarorin R na Canon marasa madubi kuma yana aiki lafiya. Bayan wannan, in ka tarar abin da ya rage yana lalacewa kashi na uku ne, ɗigon yana kan mahayi amma fokas yana bayansa, kuma a kusa ne ko da yamma, to ka kai iyakar 600D da gaske. A lokacin 7D Mark II ta hannu, mai ɗigo 65 duk masu gicciye da hoto 10 a sakan, za ta ishe ka in kuɗi kaɗan ne. In da hali, R10 ko R7, dukkansu suna yin hoto 15 a sakan da shota ta ainihi mai ƙara. Ko wacce za ka saya, ka tafi da lensinka da katinka, ka fita waje ka gwada ta a kan abu mai gudu kafin ka biya. Allah Ya sa albarka a sana'a.